Jidda: Ana Neman Makamashin Gobe A Cikin Toka Da Tarkacen Masana'antu

A kudancin birnin Jidda, a gaɓar Bahar Maliya, akwai manyan tashoshin wutar lantarki da na tace ruwan teku waɗanda suka shafe shekaru suna ƙona baƙin mai mai nauyi dare da rana. Ɗaya daga cikinsu, wato tashar Jidda ta Kudu, ƙarfinta ya haura megawat 2,600, ga kuma ta Shu'aiba da ke gaba da ita. Abin da ke saura a matatun hayaƙin irin waɗannan tashoshi wata baƙar toka ce mai laushi kamar garin kwalli, wadda aka saba kwashewa a kai wuraren binne shara. Amma a 'yan shekarun nan masana kimiyya a Saudiyya da wasu ƙasashe sun soma yi wa wannan toka, da ma sauran tarkacen masana'antu, wani irin kallo na daban, domin kuwa a cikinta akwai kabon mai yawa, akwai kuma ƙarafa irin su banadiyam da nikel da baƙin ƙarfe, waɗanda ke da alaƙa ta kusa da ɗaya daga cikin manyan burikan ƙasar, wato sarrafa iskar haidurojin ba tare da ƙona mai ko gas ba.

Haidurojin dai ba baƙon abu ba ne a masana'antu. Alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya sun nuna cewa a shekara ta 2023 an yi amfani da kimanin tan miliyan 97 na iskar a duniya, akasari a matatun mai da kamfanonin takin zamani. Sai dai kusan dukkansa daga gas da kwal aka tatso shi, tare da sakin hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma wanda aka samar ta tsaftatacciyar hanya bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Abin da ake kira koren haidurojin shi ne wanda ake samu ta hanyar tsaga ruwa da wutar lantarkin hasken rana ko ta iska: a tsoma farantan ƙarfe biyu cikin ruwa, a sakar musu wuta, haidurojin ya taso a gefe guda, iskar oksijin kuma a ɗaya gefen. A ƙa'ida, lita 9 ta ruwa ke ba da kilo ɗaya, kuma kilon nan ɗaya yana cin wuta kimanin kilowat 50 zuwa 55 na sa'a.

To amma ruwa ba ya rabuwa da sauƙi. Sai an shafa wa farantan nan wani sinadari da masana ke kira katalis, wato sinadarin zaburarwa, wanda aikinsa ya yi kama da na dillali a kasuwa: yana sa ciniki ya faɗa da wuri, amma shi kansa ba a sayar da shi, gobe ma yana nan a rumfarsa. In babu shi, wutar da za a kashe ta yi yawa har sana'ar ta zama asara. A na'urorin tsaga ruwa na zamani masu aiki da tantani da ruwan tsami, dillalan biyu ne, filatinam a gefen haidurojin da iridiyam a gefen oksijin, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Iridiyam yana cikin ƙarafa mafiya ƙaranci a ɓawon ƙasa. Abin da ake haƙowa a duk duniya a shekara bai wuce tan 7 zuwa 8 ba, alhali zinariya da ake ganin tana da wuyar samu ana haƙo fiye da tan 3,000. Mafi yawansa, sama da kashi 80 cikin ɗari, daga Afirka ta Kudu yake fitowa, sauran kuma daga Rasha da Zimbabuwe da 'yan wasu wurare. Daɗin daɗawa, ba a haƙarsa shi kaɗai; rakiya yake yi wa filatinam a cikin dutse, saboda haka ko farashinsa ya tashi ba a iya buɗe masa rami na musamman. An ga misalin haka tsakanin ƙarshen 2020 da tsakiyar 2021, lokacin da farashin oza ɗaya ya tashi daga ƙasa da dala 2,000 zuwa sama da dala 6,000 cikin 'yan watanni. Na'urorin da ke cin megawat 1,000 na wuta suna buƙatar kimanin kilo 400 na wannan ƙarfe bisa fasahar da aka saba da ita. Ke nan ko da an hana masu ƙera fulogin mota da sauran masana'antu taɓa shi, abin da ake haƙowa a shekara ba zai wadatar da ko da wani ɗan yanki na na'urorin da gwamnatoci suka yi alkawarin kafawa ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa dakunan bincike a ƙasashe da dama suka juya ga bola. Tunanin mai sauƙi ne a baki: in har masana'antu suna zubar da nikel da kobalt da molibdinam da kabon a kullum, me zai hana a tsince su a mai da su katalis, a huta da tsada, a kuma rage shara? A Birtaniya, masu bincike a Jami'ar Nottingham sun ba da sanarwa a 2024 cewa sun yi amfani da ɓurɓushin da injinan fiƙe ƙarfe ke zubarwa, na titaniyam da na gamin nikel, bayan sun gano cewa fuskarsa cike take da 'yan mitsi-mitsin kwaruruka da ido ba ya gani, waɗanda ke riƙe ƙwayoyin filatinam daram. Sun ce da mikirogiram 28 kacal na filatinam a kan santimita ɗaya murabba'i, kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da aka saba shafawa, suka samar da haidurojin a ɗakin gwaji. Wasu kuma a Asiya da Turai suna gwada tsofaffin baturan wayar hannu da na motoci, inda nikel da kobalt suke a shirye.

A Jidda, hankali ya fi karkata ga sharar da ke bakin ƙofa. Masu bincike a cibiyar nazarin nanoteknoloji ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz, wadda aka kafa a birnin a 1967, sun wallafa sakamakon aikinsu a shekarun baya inda suka nuna cewa ana iya mai da tokar baƙin mai zuwa ƙananan bututun kabon, waɗanda kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na silin gashi ba. Abin sha'awa a aikin shi ne tokar ta yi aiki biyu, ta ba da kabon, ƙarafan cikinta kuma suka taimaka wa bututun wajen tsirowa. Ba don haidurojin aka fara wannan bincike ba, amma irin wannan kabon mai ɗaukar wutar lantarki shi ne shimfiɗar da ake ɗora katalis a kai a gwaje-gwaje masu yawa. Kimanin kilomita 80 arewa da birnin, a garin Thuwal, akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdallah wadda aka buɗe a 2009, kuma tun farkon kafa ta ta mai da binciken sinadaran zaburarwa ɗaya daga cikin manyan fannoninta. Tsakanin waɗannan jami'o'i biyu, da matatun mai na Rabigh da Yanbu da ke kan gaɓa ɗaya, yankin Jidda ya haɗa masana da shara a wuri guda, abin da ba kowane yanki ne ya samu ba.

Sharar ma iri-iri ce. Matatun mai suna amfani da katalis mai ɗauke da nikel da kobalt da molibdinam don cire farar wuta daga mai, kuma bayan wani lokaci yakan toshe, a kwashe shi tan-tan a zuba sabo. A gabashin ƙasar, masana'antar kamfanin Ma'aden da ke Ras al-Khair tana tace tamar alminiyam, kuma kowane tan na tataccen abin da ta samar yana barin kimanin tan guda na jan taɓo mai cike da tsatsar ƙarfe, wanda masana a ƙasashe da dama suka gwada shi wajen farfasa iskar amoniya da ta gas don fitar da haidurojin. Ga kuma bishiyoyin dabino fiye da miliyan 30, waɗanda ƙwallayensu da ganyensu ke zama gawayi mai ramuka idan aka gasa su ba tare da iska ba.

Dalilin da ya sa batun ya wuce na dakunan gwaji shi ne kuɗin da Saudiyya ta riga ta zuba. A watan Yulin 2020 kamfanonin ACWA Power da Air Products na Amurka da hukumar Neom suka ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar koren haidurojin a can arewa, a lardin Tabuk, a kan dala miliyan dubu 5. Kafin a kammala tara kuɗin a watan Mayun 2023, ƙiyasin ya kai dala miliyan dubu 8 da miliyan 400. An tsara cewa za ta ci wutar rana da iska ta kimanin megawat 4,000, ta samar da tan 600 na haidurojin a kullum, a mai da shi amoniya har tan miliyan 1.2 a shekara don a iya ɗora shi a jiragen ruwa. A 2025 kamfanin ya bayyana cewa a 2027 ake sa ran fara fitar da amoniyar. Wannan duka yana cikin shirin nan na 2030 da aka ƙaddamar a 2016 don rage dogaro da ɗanyen mai, da kuma alkawarin da Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya yi a watan Oktoban 2021 na daidaita hayaƙin da ƙasar ke fitarwa da wanda take shanyewa kafin 2060.

Sai dai akwai wani abu da masu yayata batun katalis na bola ba su cika ambatawa ba. Masana'antar Neom ba ta dogara da iridiyam ba. Na'urorin da kamfanin thyssenkrupp nucera na Jamus ya ƙera mata, masu ƙarfin sama da megawat 2,000, irin na da ne masu aiki da ruwan kanwa mai ƙarfi, waɗanda nikel ne ginshiƙinsu. Wannan fasaha ta haura shekara ɗari, kuma an zaɓe ta ne saboda araharta da kuma sanin halinta. Rauninta shi ne ba ta kai ta zamani saurin bin wutar da ke hawa da sauka ba, kamar yadda ta rana da iska ke yi, kuma tana cin fili. Ke nan matsalar ƙarancin ƙarafa masu daraja ba ta kama Saudiyya a wuya a yau ba. Tana jiran ta ne a zagaye na gaba, idan aka tashi gina masana'antu na biyu da na uku, irin wadda ACWA Power ta ba da sanarwar shirinta a Yanbu a 2025.

Abin tambaya a nan shi ne, nawa ne ainihin rabon katalis a farashin kilo ɗaya na haidurojin? Amsar ba ta yi wa masu tallata bola daɗi ba. Wutar lantarki ce ke lashe fiye da rabin kuɗin, na'urar da gininta su ɗauki mafi yawan sauran, katalis kuwa ɗan ƙaramin kaso ne a cikin kuɗin na'urar kanta. Idan aka yi lissafi da masana'anta mai girman ta Neom, tan 600 a kullum na buƙatar wuta kimanin kilowat miliyan 30 na sa'a. A ce an sa katalis mai araha wanda ke ɓarnar kashi 5 cikin ɗari fiye da na asali, to an yi asarar kilowat miliyan ɗaya da rabi a kowace rana. Ko da a kan santi 2 na dala aka sayi kowanne, asarar ta kai dala 30,000 a yini, kusan dala miliyan 11 a shekara, kuma haka za a yi ta biya muddin na'urar tana aiki. Arahar da aka samu ranar saye sau ɗaya ce, tsadar wuta kuwa ta kullum ce.

Gaskiya ne cewa Saudiyya ta fi yawancin ƙasashe iya jure irin wannan asara. A watan Afrilun 2021 aka bayyana cewa tashar hasken rana ta Shu'aiba mai megawat 600, a kudu da Jidda, za ta sayar da wuta a kan santi 1.04 na dala, farashin da a lokacin ba a taɓa jin mai araha kamarsa a duniya ba. Inda wuta ke da araha haka, katalis mai matsakaicin ƙarfi yana da damar da ba zai samu a Jamus ko Japan ba. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma bisa ga dukkan alamu ita ce mafi ƙarfi da masu binciken yankin suke da ita.

Amma ƙarfi daban, ƙarko daban. Masu zuba jari suna son na'urar da za ta yi sa'o'i 60,000 zuwa 80,000 tana aiki kafin a canza cikinta, wato shekara bakwai zuwa tara ba tsayawa. Yawancin rahotannin da jami'o'i ke wallafawa kuwa gwaji ne na 'yan kwanaki, a kan faranti mai faɗin farce, da wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wadda masana'anta ke sakarwa ba. Tsakanin wannan da wancan akwai tafiya mai nisa da tsada, kuma a nan ne akasarin binciken ke tsayawa. Sannan shara ba ta da alkawari. Tokar da aka kwaso a watan Rajab ba lallai ta yi daidai da ta Sha'aban ba, tun da ya danganta da irin man da aka ƙona, alhali na'urar tsaga ruwa tana da tsantseni ƙwarai, ɗan gurɓataccen abu kaɗan yana iya kashe ta. Kafin a tsarkake sharar sai an dafa ta da wuta mai tsanani, a wanke ta da ruwan asid, ruwan wankin nan kuma ya zama wata sabuwar shara mai guba da za a nemi inda za a kai ta. In ba a sa wannan a lissafi ba, kalmar kore ta zama ado kawai.

Akwai kuma wani abin da ya yi kama da wasa da hankali. Gwamnatin Saudiyya tana da shirin daina ƙona kimanin ganga miliyan ɗaya ta mai a kullum a tashoshin wuta da masana'antu da gonaki kafin 2030, a maye gurbinsa da gas da hasken rana. Idan shirin ya yi nasara, tokar baƙin man da ake son ginawa a kanta za ta ragu matuƙa, sai dai a koma ga wadda aka binne a shekarun baya.

Saboda haka ne masu lura da al'amuran masana'antu ke ganin hanyar da ta fi tabbas ba ita ce a shafa shara kai tsaye a faranti ba, a'a, a tatso ƙarafan da ke cikinta, a tsarkake su, sannan a ƙera katalis irin wanda kasuwa ta sani. A kan wannan hanya kuɗi ya riga ya fara motsi. A 2022 wani kamfanin haɗin gwiwar Shell da AMG ya rattaba hannu da Aramco kan gina cibiyar tato ƙarafa a Jubail, wadda matakinta na farko shi ne fitar da banadiyam daga ragowar tashar Jazan, matakai na gaba kuma su haɗa da tsohon katalis na matatun mai. Banadiyam ya fi amfani a ƙarafa da manyan batura fiye da tsaga ruwa, amma darasin ɗaya ne, cewa ƙasar da ta daɗe tana tura irin wannan shara waje ta fara ganin ma'adini ne take kyautarwa.

Duk wannan kuwa ya ta'allaƙa ne a kan samun mai saye, kuma a nan labarin ba shi da armashi. Aramco, wanda ya aika tan 40 na amoniya zuwa Japan a watan Satumban 2020 a matsayin gwaji, ya ji a jikinsa. Shugabansa Amin Nasser ya bayyana a 2023 cewa haidurojin da ake tatsowa daga gas tare da kame hayaƙinsa yana iya kaiwa daidai da dala 250 a kan gangar mai, kuma abokan ciniki a Turai da Asiya suna ja da baya. A 2025 kamfanin ya rage burinsa na irin wannan amoniya daga tan miliyan 11 zuwa miliyan biyu da rabi a shekara. A farkon 2025 ɗin ne kuma masu hannun jari suka sauya shugabancin Air Products, wanda ya ɗauki nauyin sayen dukkan amoniyar Neom na shekara 30, bisa ƙorafin cewa ya zuba kuɗi mai yawa a ayyukan da ba su da tabbacin kasuwa. A irin wannan yanayi, ba abu ne mai sauƙi ba a shawo kan mai masana'anta ya gwada katalis da ba a san ƙarkonsa ba.

Ga ƙasashen Afirka ta Yamma, batun ba nesa yake ba kamar yadda ake zato. Wanda ya taɓa kai mota gareji a Kano ko Kaduna ya san abin da makanikai ke kira indomi, wato saƙar nan mai kama da gidan zuma da ke cikin salansa, wadda ɓarayi ke yankewa, dillalai kuma ke saye da tsada. Katalis ne, kuma abin da ake nema a cikinsa filatinam ne da danginsa. Daga nan ake tattara shi a fitar da shi zuwa matatun ƙasashen waje, inda sake sarrafa tsofaffin kaya ke samar da kimanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na filatinam da duniya ke samu a shekara. Wato 'yan gwangwan da 'yan jari bola na Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai sun daɗe a cikin wannan ciniki, illa dai suna can ƙasan tsani, inda riba ta fi ƙanƙanta. Matatar Dangote da ke Legas da ta SORAZ a Damagaram su ma suna da tsohon katalis da za su riƙa fitarwa, kuma kamfanonin takin zamani na Najeriya da haidurojin na gas suke aiki.

Sai dai yankin yana da tabon da ya kamata ya sa a yi hattara da duk wani zance na mai da shara dukiya. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Bendel ta lokacin, lamarin da ya taimaka wajen ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991. A 2010 kuma gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Tsohon katalis na matatun mai da tokar baƙin mai suna ɗauke da ƙarafa masu cutar da huhu, wani ma yakan kama da wuta da kansa idan ya sha iska. Idan farashinsu ya tashi alhali babu masana'antun da ke da kayan kariya, a bayan gida da bakin kwata za a riƙa dafa su da asid, kamar yadda ake fasa tsofaffin baturan mota a unguwanni da dama.

A Jidda, inda tun farkon ƙarni na 20 aka kafa injin tace ruwan teku da mazauna birnin ke kira Kindasa, ruwan da za a tsaga ma sai an fara cire masa gishiri, domin gishirin teku yana cinye faranti yana kuma fitar da iskar kulorin. Masu bincike suna ƙoƙarin samo katalis da zai jure ruwan teku kai tsaye, kuma nikel da baƙin ƙarfe, ƙarafan nan biyu da ke cikin tokar tashoshin birnin, suna cikin waɗanda aka fi gwadawa. Ma'aunin farko na ainihi zai zo ne idan jiragen amoniya suka fara tashi daga Neom, aka ga farashin da masu saye a Turai da Asiya suka yarda su biya, domin daga wannan farashi ne za a san ko akwai kuɗin gina masana'antar gwaji da za ta riƙe katalis na toka tana aiki shekara guda cur a gaban injiniyoyi.